Sunan Telupe Ya Fito

Litinin, 4 ga Agusta, 3:40 na yamma

Sunan Telupe ya fito.

Melina ce ta turo saƙon tun ina kan layin cire ƙashi, ban gani ba sai da muka tashi. "Kawu, sunan Mama ya fito a ƙuri'a. Ban faɗa mata ba tukuna." Na karanta sau uku a tsaye bakin famfo, abokin aikina Uale yana bayana yana cewa in matsa, ba ni kaɗai shanun nan suka ɓata ba.

Mutum ɗari biyu da tamanin Ostiraliya take ɗauka daga ƙasarmu Tuvalu a shekara su zo nan su zauna, haka yarjejeniyar ta ce. Kusan kowa ya sa suna: samari majiya ƙarfi, malaman makaranta, har da fastoci a ɓoye. Sai na'ura ta tsallake su duka ta ɗauko yayata, mai shekara sittin da ɗaya, wadda ko Funafuti, babban birninmu, sau biyu ta taɓa zuwa, kuma ba ta ma san an sa sunanta ba. Ni na sa 'yarta ta sa.

Tun ranar da aka sa wa yarjejeniyar nan hannu nake zaginta. Yau kuma na zauna a mota a ƙofar mayanka na gode wa Allah saboda ita. Na rubuta ne don kada gobe in yi wa kaina ƙarya.

Talata, 5 ga Agusta, 12:15 na rana

Melina ta yi mini bayani. Dole Telupe ta isa Funafuti a duba lafiyarta, ta sa hannu da kanta, kafin 19 ga Satumba. Idan ranar ta wuce, gurbin ya tafi. Jirgin ruwa zai leƙa tsibirinmu sau biyu kafin nan, ranar 20 ga wannan wata da kuma wajen 10 ga na gobe, in ya ga dama.

Na tambaye ta yaya abin.

Ta ce, "Gyambon ya wuce idon sawu, Kawu. Sugan ba ya sauka. In turo maka hoto?"

Na ce kada ta kuskura.

A nan akwai asibitin da zai iya ceton ƙafar. A can kuwa Melina ce kaɗai a ɗakin shan magani, ita da bandeji.

Alhamis, 7 ga Agusta, 4:00 na yamma

Har yanzu ba ta faɗa mata ba. Wai tana jiran ranar da Mama take cikin fara'a. Na ce to sai ta jira Kirsimeti.

Lahadi, 10 ga Agusta, 6:30 na yamma

Mun je Brisbane da Uale da matarsa Fakalupe, tafiyar awa uku. Bayan sujada aka ce wata lauya daga gida za ta yi wa jama'a bayanin yarjejeniyar. Na zaci wani mai ƙiba za a kawo mana da taye. Sai ga yarinya, Seluia, ba ta kai talatin da biyar ba, silifas a ƙafarta. Ta ƙi kujerar da aka ajiye mata, ta zauna a tabarma ƙasa da dattawa.

Da aka ba da damar tambaya na miƙe. Uale ya ja mini riga, na ƙwace.

Na ce, "'Yata, ni tsohon matuƙi ne, shekara ashirin da biyu ina bin jiragen ruwan mutane, ba ni da ilimi. Ki fahimtar da ni. An rubuta cewa kafin mu ƙulla maganar tsaro da kowace ƙasa sai mun yi shawara da waɗannan sun yarda. Wace irin ƙasa ce sai ta nemi izinin maƙwabci kafin ta yi aboki? Sannan garin da nake aiki, kullum jirgin ƙasa yana wucewa da kwal, tsawonsa ya fi tsibirinmu faɗi. Hayaƙinsa ne yake ɗumama duniya, teku yana cinye mana ƙasa. Su suke ɗaga ruwan, su kuma suke miƙo mana tsani, mu ce mun gode?"

Wasu suka tafa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ta ce, "Gaskiyarka, Baba. Wannan sashen ni ma ba ya bari in sake. Ina bayan manya a ɗakin, takardu nake miƙawa, na ga yadda aka yi ta ja. Ba mu samu duk abin da muke so ba, kuma ba zan ce maka kwal ɗin ya daina wucewa ba. Amma akwai layin da muka ƙi tashi sai da aka rubuta shi: ko ruwa ya rufe ƙasar, Tuvalu tana nan ƙasa, tekunmu yana nan namu. Babu wata babbar ƙasa da ta taɓa sa mana hannu a kan wannan. Kuma ba a ce ku tafi kun tafi ba. Mutum zai je ya dawo, ya sake zuwa, ba ya rasa gurbinsa."

Na ce, "Wa kika taɓa gani ya dawo?"

Ta ce, "Kai shekara nawa ke nan, Baba?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Da aka tashi ta kawo mini faranti da hannunta, kifi da ayaba a ruwan kwakwa, ta ce in yafe mata in ta yi rashin kunya. Na ce ba ta yi ba.

Ban canza ra'ayi a kan sashen ba. Amma in irin wannan yarinyar muke turawa ɗakunan nan, ba a sayar da mu da arha ba.

Shekara goma sha tara ke nan ina nan. Ban ba ta amsa ba.

Laraba, 13 ga Agusta, 3:50 na yamma

Melina ta faɗa mata da safe. Telupe ta saurara har ƙarshe, ta tambayi wa ya sa sunan. Da ta ji, ta ɗauki sandarta da kwando ta tafi ramin da take noma pulaka, irin gwazarmu. Da wannan ƙafar, cikin wannan laka.

Alhamis, 14 ga Agusta, 12:20 na rana

Kerry, shugabar sashenmu, ta lura na yanke safar hannu sau biyu yau. Ta kira ni gefe. Mutuniyar kirki ce, bakinta ne dai babu birki. Na ɗan guntsa mata.

Ta ce, "To ka kira ta mana! Ka ce mata in ba ta zo ba za a yanke ƙafar. Ni da ɗan'uwana ne sai in ja shi da kunne."

Na yi ƙoƙarin nuna mata cewa a wurinmu namiji ba ya maganar jikin 'yar'uwarsa. Ba ya zama tabarma ɗaya da ita, ba ya taɓa ta, ko wasa mai ɗan nauyi aka fara a inda take sai ya tashi. Ba ƙiyayya ba ce. Ita ce mutumin da ya fi kowa girma a idonka, shi ya sa. In akwai magana irin wannan sai a bi ta wurin wani.

Kerry ta ce, "Kyakkyawar al'ada. Amma ƙafa ba ta san al'ada ba, Kit."

Tun ɗazu maganar take yi mini yawo a ka.

Asabar, 16 ga Agusta, 10:30 na safe

Na kira.

Asabar, 5:00 na yamma

Bari in rubuta yadda ya faru, tunda ba wanda zai karanta.

Melina ta ɗaga, ta juya wayar. Telupe tana zaune a baranda da mata biyar ko shida, suna saƙar tabarma, har da matar fasto. Ta rufe ƙafafunta da zane kamar yadda ya dace. Ta rame. Ta ce, "Kitiona, kana cin abinci kuwa?" Muka gaisa lafiya lau. Na tambayi ruwan sama, ta ce tanki ya kai rabi. Na kawo maganar takarda, ta ce ta ji, ta gode, amma wa zai zauna da ramin? Na ce rami ba mutum ba ne. Ta ce ita ma ba ta ce mutum ba ne. Na ce jirgi Laraba. Ta ce Allah ya kawo shi lafiya.

Sai bakina ya kuɓuce. Na ambaci abin da sunansa. Na faɗi inda ya kai, da inda zai kai, da abin da likita zai yi da wuƙa. Da irin muryar da nake magana da ita a mayanka. A gaban matar fasto.

Hannayen matan duk suka tsaya.

Telupe ba ta ɗaga murya ba. Ta kalli gefe ta ce, "Melina, zo ki karɓi wayarki. Wani Bature ne ya yi kuskuren lamba."

Lahadi, 17 ga Agusta, 1:00 na rana

Ban je coci ba.

Litinin, 18 ga Agusta, 4:10 na yamma

Na faɗa wa Uale a mota. Ya kashe rediyo, abin da bai taɓa yi ba.

"A gaban mata?"

"E."

"Ka ce wuƙa?"

"Na ce."

Muka wuce gadar. Sannan ya ce, "Tsoho, ni mutumin wani tsibiri ne, ku kuna ce mana marasa kunya, amma ko mu ba ma yin haka. Sanyin ɗakin nama ne ya daskarar maka da kai?"

Na ce ai gaskiya na faɗa.

Ya ce, "Wa ya ce ƙarya ka yi? Kana tsammani ba ta sani ba? Ita take kwana da ƙafar, kai kana nan kana kwana da talabijin."

Ya mayar da rediyon.

Laraba, 20 ga Agusta, 3:45 na yamma

Jirgi ya zo, ya tafi. Mutum huɗu daga tsibirinmu sun shiga da takardunsu. Melina ta ce Mama ta aika wa kowannensu da dafaffen pulaka na guzuri.

Saura ɗaya.

Alhamis, 21 ga Agusta, 12:10 na rana

Ba ta karɓar waya.

Juma'a, 22 ga Agusta, 12:10 na rana

Na rubuta wasiƙar ban haƙuri, shafi biyu, na tura Melina ta karanta mata. Ta saurara. Ta ce takarda ba ta iya zama a ƙofar gida ta sunkuyar da kai.

Lahadi, 24 ga Agusta, 4:30 na yamma

Yau fushi nake yi, kuma ban san da wa ba. Da ita, da kaina, da Kerry da ba ta da laifi, da jirgin kwal da ya tsare ni minti goma a mararraba.

Na yi niyyar in rubuta cewa taurin kai ne kawai. Na ɗauki biro sai na tuna shekarar babbar guguwa. Teku ya haye tsibirin daga wannan gefe zuwa wancan, ya cika ramuka duka da gishiri. Pulaka da aka shekara huɗu, biyar ana reno ya ruɓe cikin mako guda. Maza suka zauna a maneapa, zauren taron gari, suna jawabi kwana uku, aka yanke shawarar a roƙi shinkafa. Telupe ba ta da bakin magana a maneapa. Sai ta fasa tsohon tankin ruwan Baba, ta ɗora shi kan duwatsu, ta yi ta ɗebo ƙasa daga tsakiyar tsibiri da bokiti, ita kaɗai, kusan wata biyu. 'Yan tsiro goma sha ɗaya ta ceto. Mutane suna wucewa suna cewa gwauruwar nan ta zare. Bayan shekara biyu babu ramin da ba a dasa irinta a cikinsa ba. Ba ta taɓa tuna wa kowa ba. Ni ma a bakin wasu na ji, ina tashar jiragen ruwa a wata ƙasa.

Ƙasarmu ta gado ta masu ci tare ce. Wanda yake wurin yana aikinta, shi ke riƙe wa sauran. Shekara goma sha tara tana riƙe mini rabona, ban taɓa tambayar yadda take yi ba. In ta tashi aka bar ramin wata shida babu hannu, gishiri zai gama da shi, abin da ya rage kuma 'ya'yan baffanmu su shiga, kuma ba wanda zai ce sun yi laifi.

Na san wannan duka ranar da na ce rami ba mutum ba ne.

Talata, 26 ga Agusta, 3:55 na yamma

Melina ta ce akwai zazzaɓi jiya, yau ya sauka. Na ce ta daina faɗa mini. Bayan minti biyar na sake kira na ce ta ci gaba da faɗa mini.

Laraba, 27 ga Agusta, 12:15 na rana

Kwana ashirin da uku.

Alhamis, 28 ga Agusta, 5:20 na yamma

Melina ta kira, amma ba yadda ta saba ba. Ta sa farar rigar coci ranar Alhamis, ta zauna a ƙasa, ta jingina wayar da wani abu yadda zan gan ta gaba ɗaya.

Ta ce, "Ba abin da kake tsoro ba ne. Kawu, tun da aka haife ni na taɓa roƙonka wani abu a matsayinka na tuaatina, ɗan'uwan uwata?"

Na ce a'a.

Ba ta taɓa ba. Wasu 'ya'yan 'yan'uwa mata sukan tatse kawunsu kamar kwakwa, don sun san wanda uwarka ta fito ciki ɗaya da shi ba ya ce maka a'a. Ita ko waya ba ta taɓa nema ba.

Ta ce, "To yau na zo. Ka dawo gida ka zauna da ramin, Mama ta tafi."

Na ce, "Ita ta aiko ki?"

"Mama ba ta ce komai ba. Ta dai sa na nemo yarjejeniyar na karanta mata daga farko har ƙarshe, sau biyu. A wurin da aka ce mutum zai iya zuwa ya dawo ta ce in maimaita. Ta tambaya ko hanyar nan gefe ɗaya take bi. Na ce a'a. Sai ta ce, 'Ke kin san kina da kawu kuwa?' Shi ke nan."

Na ce mata ina da aiki. Na ce bayana ba ya sunkuyawa. Na ce shekara talatin rabona da shiga laka. Na ce akwai mutanen da ba na son haɗa ido da su a can, ta san dalili, shekara goma sha tara ban leƙa gida ba. Ta bar ni na gama lissafa su duka.

Ta ce, "Na ji, Kawu. A'a ka ce?"

Ja'ira. 'Yar uwarta.

Alhamis, 6:40 na yamma

Ni da na tsaya a gaban jama'a ina yi wa lauya ihu, ashe matar da ta tsaya a aji huɗu ta fi ni karanta takardar. Ni na ga ƙofar fita. Ita ta duba ta ga ana shiga ta nan ma.

Juma'a, 29 ga Agusta, 3:30 na yamma

Na sami Kerry. Na zaci za ta ce in ajiye wuƙa in tafi gaba ɗaya. Ta duba allonta ta ce wata shida za ta iya riƙe mini gurbi, bayan haka ba a hannunta yake ba. Ta ce, "To ka faɗa mata gaskiyar?" Na ce na faɗa. Ta ce, "Ka gani? Ya yi aiki." Na bar ta a haka.

Fakalupe ta zo ta duba ɗakina. Ta tsaya a tsakiya ta riƙe ƙugu ta ce, "A nan za ka ajiye babbar mace? Uale, zo ka ga inda abokinka yake kiwon gizo-gizo." Ita za ta riƙa kai Telupe asibiti. Ta riga ta fara tsara wa matan coci ranakun girki. Ban roƙe ta ba.

Talata, 2 ga Satumba, 4:00 na yamma

Na sayi labule. Na cire gado na sa katifa a ƙasa, don ba za ta yarda ta kwanta a sama ba. Fakalupe ta ce likita ba zai yarda da ƙasa ba. Na mayar da gadon.

Asabar, 6 ga Satumba, Funafuti, 2:00 na rana

Da jirgin sama ya sauko sai na ga yadda ƙasar ta sirance, kamar zare a kan shuɗin zane. Ta gefen tabki kuma an yi sabon fili, babba, an ɗaga shi sama da yashi, inda da ruwa ne. An ce za a ƙara, yana cikin abin da aka yi alkawari a takardar. Na je na taka shi. Yana da ƙarfi. Na tsaya a kai ina neman abin da zan kushe, ban samu ba sai zafi.

Jirgin ruwa bai tashi ba. Wai ana jiran wani ƙarfen inji daga Fiji.

Talata, 9 ga Satumba, 11:00 na safe

Ana jira.

Laraba, 10 ga Satumba, 11:00 na safe

Ana jira. Kwana tara. Kwana biyu zuwa, kwana biyu ko uku dawowa. Na daina lissafi, na sake farawa.

Na haɗu da Seluia a bakin tasha, ta dawo gida, tana kan babur da buhun shinkafa a baya. Ta tsaya ta cire hula ta ce, "Baba! Ashe ana dawowa?" Na ce ta wuce kafin in jefa ta a tabki. Ta yi dariya. Ta shiga ofishin tasha, ta fito ta ce ƙarfen ya iso da jirgin jiya, gobe da rana za mu tashi, kuma ta bar sunan Telupe a wurin masu duba lafiya don kada a sa ta layi.

Juma'a, 12 ga Satumba, a teku, 9:00 na safe

Shekara ashirin da biyu a manyan jirage, yau ƙaramin jirgin ƙasarmu ya sa ni amai. Wata tsohuwa ta ba ni lemun tsami ta ce in yi haƙuri, tafiyar farko haka take.

Ban san yadda ake ciyar da pulaka ba. Na san ana saƙa masa kwando a gindi a riƙa zuba ganye da ƙasa, kowa ya san wannan. Amma wane ganye, da wane, a wane wata, kowane gida da nasa, kuma ba a faɗa wa bare. Baba mutum ɗaya ya ba, kuma ba ni ba ne. Lokacin ina teku.

Asabar, 13 ga Satumba, gida, 5:30 na yamma

Jirgi ba ya iya matsowa, sai ya tsaya can bayan duwatsu, ƙananan kwale-kwale su yi ta kai da kawo ta 'yar mashiga. Kyaftin ya ce awa uku kawai, ruwa zai janye.

Na diro a ruwa iya gwiwa da jakata a ka. Rairayin ya ragu da rabi. Itatuwan kwakwa uku da muke ɗaure kwale-kwalen Baba suna kwance, saiwoyinsu a sama. Mutane sun cika bakin ruwa. Wasu sun gaishe ni, wasu sun kalle ni kawai. Na cancanci duka biyun.

Tana zaune a inuwa a kan sabuwar tabarma, da rigar coci, akwati ɗaya a gefenta. Ban je wurinta ba. Na ajiye jaka, na zauna a rana a kan tsakuwa, nesa da tabarmar kamar taku biyar, na sunkuyar da kai. Ban ce komai ba, ba a cewa. Ban san tsawon lokacin ba, na dai ji gumi yana ɗiga daga hancina.

Sai na ji ta ce wa matar fasto, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Wancan ba ƙanena ba ne a rana? Ku ba shi kwakwa ya sha mana, ya sha hanya."

Melina ce ta kawo.

Da lokaci ya yi, mata shida suka kama gefen tabarmar suka ɗaga ta da ita a kai. Ba zan iya ɗaukarta ba, ba zan iya kallo ba. Sai na shiga ruwa har ƙirji, na kama gefen kwale-kwalen da hannu biyu don kada igiyar ruwa ta girgiza shi, na juya fuskata wajen teku. Na ji nauyinta ya sauka a ciki. Ko uhum ba ta ce ba, ko da yake na ji Melina ta ja numfashi.

Ta sa aka zaunar da ita daidai bayan kaina. Ta ce wa mai injin ya dakata, ta ce wa sauran su matsa gaba. Sannan ta sunkuyo ta yi magana da ƙeyata, a hankali. Ganye huɗu, da tsarinsu, da watan kowanne, da abu na biyar da ba ganye ba ne. Ta sa na maimaita sau biyu. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Ta miƙe zaune ta ce da muryarta ta kullum, "Layin pulaka na gabas gishiri ya fara taɓa shi, da shi za ka fara. Wata shida. In na dawo na tarar ka kashe mini ko ɗaya, ka koma wurin shanunka."

Na ce, "To, Yaya."

Ta ce, "An ce ka sayo labule."

Na ce e.

Ta ce, "Wane launi?"

Mai injin ya ce, "Kitiona, ruwa na janyewa! Ka saki mana!"

Na saki.

Talata, 16 ga Satumba, 6:00 na yamma

Sun isa. Ta sa hannu da ƙarfe goma na safe. Melina ta ce likitan ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a sa ta a jirgin saman Alhamis mai zuwa Ostiraliya, kada a jira na Asabar. Ban tambayi abin da hakan yake nufi ba.

Na wuni a layin gabas. Tushe biyu sun riga sun mutu kafin in zo, Allah ne shaidata. Sauran suna tsaye.